Wa ke riƙe da rimot ɗin Aradu?

A wannan makon labarin wani tsohon katun muka kawo muku, tare da labarin wani abokinmu da ya samu laƙabi daga katun ɗin. Mun daɗe muna son rubuta shi, kunya ce take hana mu, domin akwai laifinmu a ciki. Sai da muka nemi izininsa kafin mu ɗauki biro. Ya ce mu rubuta, amma kada mu kama sunansa na yanka. Don haka da laƙabinsa za mu kira shi har ƙarshe.

Mu shida ne muka tashi tare a wani layi da ke bayan Court Road a Gyadi-Gyadi. Firamarenmu ɗaya, Islamiyyarmu ɗaya, kuma a famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ake aikenmu ɗebo ruwa. A shekarar 2014 yawancinmu muna tsakanin shekara tara da goma. A duk layin, gida ɗaya ne yake da na'urar DVD da ba a kulle ta a uwar ɗaka ba, kuma matar gidan mai haƙuri ce da yara. Umma muke ce mata kamar yadda 'ya'yanta suke kiran ta. Da zarar an ji ihun "An kawo wuta!" sai ka ga silifas ɗinmu jibge a ƙofar falonta.

Ƙanin Umma ne ya dawo daga karatu a Sudan, ya zo wa yaran gidan da tsarabar faya-fayai. Yawancinsu na koyon karatu ne da Larabci, amma akwai guda ɗaya da aka rubuta masa suna da biro: Ra'adul Imlaƙ. Kawu ya ce labarin wani ƙato ne mai suna Tsawa. Mu da muke zuwa Islamiyya mun san Suratur Ra'ad, mun kuma san aradun da take faɗowa da damina. Tun a ranar muka ajiye sunan Larabci, muka raɗa masa Aradu.

Aradu mutum-mutumin ƙarfe ne shuɗi, ya fi gidan bene tsawo. Yana da dogon hanci mai tsini, da ƙirji kamar tankin ruwa, da rokoki biyu goye a bayansa waɗanda suke ɗaga shi sama. Ba ya magana, ba ya dariya, ba ya riƙe bindiga ko takobi. Naushi da kokawa su ne aikinsa. Mai sarrafa shi wani yaro ne tsaranmu, mai gajeren wando, wanda ya gaji ƙaton daga mahaifinsa, wani masanin kimiyya da ya rasu. Yaron ba ya shiga cikin Aradu. Gefe yake tsayawa da wani akwati, ya murɗa nan, ya danna can, ya ɗaga murya ya ba da umarni, sai ƙato ya tashi.

Larabcin ya fi ƙarfinmu. Kalma ɗaya cikin goma muke tsinta, sauran mu cike da ka. Wanda ya fi mu hadda shi ne tafinta, kuma yanzu mun gane rabin fassararsa ƙirƙira ce. Amma abin da ya kama zukatanmu ba ya buƙatar tafinta. Mu yara ne da kowa yake aike: sayo magi, kai niƙa, ɗebo ruwa, kai wa Baba abinci kasuwar Tarauni. Babu mai jin maganarmu, ko akuyar gida sai ta ga dama take kaucewa in mun kore ta. Sai ga yaro kamarmu, manyan 'yan sanda suna sauraron abin da zai ce, ƙarfen da ya fi tirela nauyi yana bin umarninsa. Kowannenmu ya kwanta yana mafarkin akwatin nan.

A falon ma akwai mai akwati. Ɗan Umma na biyu shi yake riƙe rimot ɗin DVD, kuma ya san darajar abin da ke hannunsa. In ka ɓata masa rai a makaranta, sai ana tsakiyar faɗa ya danna ya tsayar da hoto, ya ce ba za a ci gaba ba sai wane ya fita. Mun sha ba shi cin hancin alawa da gyaɗa. Tun a lokacin ya kamata mu gane cewa mai rimot ba lallai ne ya fi kowa kirki ba.

Akwai kashi ɗaya na katun ɗin da ya hana mu barci. Miyagu suka yi dabara suka raba yaron da ƙatonsa, sarrafa Aradu ta koma hannunsu. Muka zuba ido muna jiran Aradu ya gane cewa ba ubangidansa ba ne, ya ƙi motsi. Ina! Tashi ya yi kamar kullum, da hancinsa, da launinsa, da ƙarfinsa, ya yi wa sababbin iyayen gidansa aiki. Ƙaramin cikinmu har kuka ya yi, yana cewa Aradu maci amana ne. Umma tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ta ce, "Kai kuwa, shi me ya sani? Raƙumi da akala ne, duk wanda ya ja sai ya bi." Ba mu kula da maganarta ba, hankalinmu yana kan yadda za a ƙwato shi.

Azumin shekarar ya faɗo a damina. Da aka kwana goma aka fara tashe, sai muka ce mu ba za mu yi irin na kowa ba, Aradu za mu fitar. Saboda halin tsaro na wancan lokacin, iyayenmu suka gindaya mana sharaɗin kada mu wuce layinmu da na bayansa. Muka roƙi kwalayen taliya da na sabulu a wajen mai shago, muka jiƙa bula ta wanki muka shafe su suka yi shuɗi, muka naɗe takarda ta zama hanci, muka ɗaura gorunan ruwa biyu a baya suka zama rokoki. Akwatin sarrafawa kuwa gwangwanin kifi ne. Muka huda shi muka soka wayar ƙafar keke ta zama eriya, muka manna marafan lemo uku suka zama madannai.

Ba a yi gardama kan wanda zai shiga kwali ba. A cikinmu akwai wanda ya girme mu da shekara uku, ya fi mu tsawo da kai guda, ga faɗin kafaɗa. Karatu yana ba shi wahala, an sa shi maimaita aji, shi ya sa muka tarar da shi. Yaro ne mai sanyin hali, mara yawan magana, wanda in ka ce masa "zo" zai taso kafin ya tambayi dalili. Tun daga daren da ya shiga kwalayen nan sunan Aradu ya bi shi, har mahaifiyarsa takan kira shi da shi in tana raha.

Doka ɗaya muka kafa: Aradu ba ya magana, kuma duk wanda gwangwani yake hannunsa shi ake bi. Mukan shiga gida mu yi sallama, mai gwangwani ya ce, "Aradu, gaida Hajiya!" Sai ya durƙusa, kwalaye suna ƙara. "Aradu, yi rawa!" Sai ya taka. Mata suna dariya har da riƙe ciki, wata ta ba mu naira ashirin, wata gero, wata ragowar ƙosan buɗa-baki. Dare uku muna ciniki.

A dare na huɗu muka yi karo da yaran layin baya. Sun ga abin da muke samu, sun kuma san dokarmu, domin mu da bakinmu muka yi ta yayata ta. Ɗaya daga cikinsu ya fizge gwangwanin, ya ja da baya, ya ɗaga shi sama ya ce, "Aradu, kama su! Karɓo kuɗin!" Muka tsaya muna dariya, ai namu ne. Sai muka ga kwalaye sun juyo kanmu. Ya kama ma'ajinmu, ya ɗaga shi cak, ya zazzage masa aljihu, ya miƙa wa mai gwangwani. Kafin mu farfaɗo ruwa ya sauko, kowa ya watse, kwalayen suka jiƙe suka saɓule, bula ta zubo masa har ƙafa.

Washegari muka tare shi da faɗa. Ya dube mu da mamaki na gaskiya, ya ce, "Ba ku kuka ce duk mai gwangwani shi ake bi ba?" Muka rasa amsa. Daga baya abin ya zama labarin ban dariya, muka shekara muna tsokanarsa da shi, shi ma yana taya mu dariya.

To, ga inda laifinmu yake. Tashe ya wuce, gwangwani ya ɓace, amma mu ba mu daina danna Aradu ba. Da muka shiga ƙaramar sakandare, duk wanda ya tsokane mu sai mu ce, "Bari Aradu ya zo." In ana rububi a famfo, shi muke turawa. In ƙwallonmu ta faɗa gidan masifaffen tsoho, shi ke haura katanga. In an kama, shi ke shan bulala, mu muna leƙe daga nesa. Ladansa awarar naira hamsin da kirari. Ba mu taɓa tambayarsa ko yana so ba. Ba mu kuma taɓa zama mun koya masa lissafin da yake kayar da shi ba, alhali biyu daga cikinmu su ne suke zuwa na ɗaya da na biyu a aji. Ƙarfinsa muke so, kansa kuwa ko oho.

Bayan jarrabawar aji uku ya bar makaranta. Mu muka wuce babbar sakandare, muka shiga hidimar WAEC da NECO da JAMB. Shi kuma ya shiga buga-buga: yau dako a kasuwa, gobe yaron mota, jibi wankin Adaidaita Sahu. Mukan gaisa in mun haɗu a layi, amma hirar tana ta raguwa. Majalisarsa ta canza, ta koma wani kango da iyayenmu suke hana mu bi ta gabansa bayan magariba. Mun lura idonsa ya fara ja, muryarsa ta fara shaƙewa. Mun yi gulmar abin a tsakaninmu, amma babu wanda ya tunkare shi.

Sai kakar zaɓen 2023 ta zo. Za ku tuna lokacin: an sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuya, mutane suna wuni a layin banki su dawo hannu rabbana. A irin wannan yanayi ne wata mota mai baƙin gilashi ta fara tsayawa a bakin kangon. Ba za mu ambaci jam'iyya ba, ba kuma za mu ambaci mai motar ba, domin irinsa ba a jam'iyya ɗaya suke ba. Abin da muka sani shi ne ana raba sababbin takardun kuɗi, da riguna masu hoto, da abin da ake haɗiya a manta da tsoro. Muka fara ganin Aradu a bayan a-kori-kura, riƙe da gora, ana yi masa kirarin da mu muka ƙirƙira muna yara.

Wata rana da yamma ayarinsu ya haɗu da wani ayarin. Ba ma wurin, labari muka ji. An sare shi a hannun hagu da kafaɗa, aka bar shi kwance a bakin kwata. Wani mai shayi da ya san mahaifiyarsa ne ya sa shi a Adaidaita. Da muka je asibiti mun tarar da ita zaune a kan tabarma a baranda. Ta sayar da keken ɗinkinta, da shi aka biya kuɗin aiki da magani. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance. Mai motar bai zo ba, bai aiko ba, lambar wayar da ya bayar ma ta daina shiga.

Ranar da ya iya zama ya yi magana, ɗayanmu ya tambaye shi, "Kai Aradu, me ya haɗa ka da mutanen da kuka yi faɗa da su?" Ya yi shiru, can ya ce bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya ce wanda ya sare shi ma yaro ne, bai fi ƙaninsa ba. "To me ya kai ka?" Ya ce, "An ce mu je ne."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Amsar da ya ba mu ke nan kusan shekara tara da suka wuce, da bula a ƙafarsa. A hanyarmu ta dawowa muka sauka a Dangi muka taka zuwa gida, kowa ya yi shiru. Sai da muka kusa layinmu ɗan Umma, tsohon mai rimot, ya ce, "Mu muka fara koya masa." Babu wanda ya musa.

Bayan wannan ne, muna jami'a, muka koma neman tarihin katun ɗin a intanet. Ashe Aradu ba Balarabe ba ne, ɗan Japan ne. Sunansa na asali Tetsujin 28, wato Mutumin Ƙarfe Lamba 28. Wani mai zane, Mitsuteru Yokoyama, shi ya ƙirƙire shi a 1956 a wata mujallar yara maza, aka shekara goma ana buga labarin. A 1963 aka mayar da shi katun na talabijin, baƙi da fari. Amurkawa suka saya suka sa masa suna Gigantor, yaron kuma, wanda sunansa Shotaro Kaneda, suka mayar da shi Jimmy Sparks. Wanda muka kalla a falon Umma sabon zubi ne mai launi da aka yi a 1980, shi ne Larabawa suka fassara.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne dalilin ƙera Aradu tun farko. A labarin asali, makamin yaƙi ne. An ƙera shi a asirce domin sojojin Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An yi gwaji 27 ba a dace ba, na 28 ne ya yi kyau, amma yaƙin ya ƙare ba a yi amfani da shi ba. Shi Yokoyama haifaffen birnin Kobe ne, a shekarar 1934. Yana wajen shekara goma sha ɗaya jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 suka yi wa Kobe ruwan bama-bamai masu cinna wuta a 1945, unguwanni suka ƙone ƙurmus. Yaron da ya ga abin da na'ura ta yi wa garinsu shi ne ya girma ya zana ƙarfe mara zuciya, wanda kirkinsa da sharrinsa duk suna cikin akwatin da ke hannun wani. Ashe kashin da ya sa ƙaraminmu kuka shi ne gundarin labarin. Yokoyama ya rasu a 2004, shekarar da aka haifi uku daga cikinmu.

Ko kalmar robot da ake kiran irin waɗannan na'urori tana ɗauke da wannan ma'ana. Wani marubuci ɗan ƙasar Czech, Karel Capek, shi ya fito da ita duniya a wasan kwaikwayonsa na 1920. Daga kalmar yarensu robota aka samo ta, ma'anarta aikin tilas, irin wanda talaka yake yi wa mai ƙasa ba da son ransa ba.

A 1972 wani mai zanen, Go Nagai, ya kawo sauyi. Ya ƙirƙiri Mazinger Z, inda matuƙi yake shiga ya zauna a cikin kan mutum-mutumin kamar direba a mota. Daga nan salon ya bazu. Aka yi Grendizer a 1975, wanda yaran ƙasashen Larabawa suka yi matuƙar so. Aka yi Voltron a 1984, mai zakuna biyar da suke haɗuwa su zama ƙato guda, wanda yayyenmu da kawunnanmu suka kalla a NTA. Har yau in wani ya tashi yana kare wani ido rufe a soshiyal midiya, 'yan Najeriya sukan ce masa Voltron.

Bambancin da ke tsakanin salon nan biyu ya tsaya mana a rai. Matuƙin da ke ciki, in aka naushi ƙarfe shi ma sai ya girgiza, in ƙarfe ya kama da wuta da shi za a ƙone. Saboda haka dole ya yi tunani kafin ya shiga faɗa. Mai akwati kuwa yana iya tsayawa can gefe, ko ƙura ba ta taɓa rigarsa. Yaron katun dai mai kirki ne, yakan shiga haɗari tare da ƙatonsa. Masu akwatin da muka gani a zahiri ba haka suke ba. In wannan ƙarfen ya lalace, sai su nemi na 29.

Ƙannenmu, mun san yawancinku ba ku taɓa ganin wannan katun ba, kuna da naku na zamani. Amma a kowane aji da kuke zaune akwai Aradu, akwai kuma masu gwangwani. Wataƙila kai ne mai ƙarfin da ake turawa faɗa bayan an tashi. Wataƙila ke ce mai kaifin bakin da ƙawaye suke zugawa ki je ki wanke wata tas. Wataƙila kai ne mai wayar da ake ce wa "tura wannan a guruf", ka tura ba ka san asalinsa ba. Wataƙila ke ce mai ƙoƙarin da ake lallaɓawa ki ba da amsa a ɗakin jarrabawa, in an kama sunanki ne a takarda. Ko matsalar ƙwacen waya da ta addabi Kano, ku lura: yaron da ya zare wuƙa a titi shi ake bi da duwatsu, mai sayen wayar a hannunsa yana zaune a inuwa. Ƙarfi iri-iri ne, kuma kowanne yana da masu farautar akwatinsa.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a daina biyayya. Iyayenku da malamanku suna ba ku umarni kullum, kuma ya kamata ku bi. Amma ku duba bambancin. Su suna ciki tare da ku. In kun faɗi su ma sun faɗi, in kun kwanta a asibiti su ne a baranda. Mahaifiyar Aradu ta sha ce masa ya bar kangon nan, bai ji ba, kuma keken ɗinkinta ne ya tafi. Don haka duk wanda zai aike ku wani wuri mai haɗari, ku tambayi kanku: shi zai zo? Zai tura ɗansa ko ƙaninsa? In abin ya ɓaci, wayarsa za ta shiga? In amsar a'a ce, to gwangwani ne a hannunsa.

In kuma ku ne masu gwangwanin, kamar yadda muka kasance, to ku ji daga bakin waɗanda suka yi suka yi da-na-sani. Abokin da kuke turawa yana koyon wani darasi a wajenku: cewa amfaninsa shi ne a aike shi, cewa ana son sa ne in ya yi abin da aka ce. Ranar da kuka wuce kuka bar shi, darasin yana nan, sai dai wani ya zo ya ɗauki gwangwanin da kuka yar. Mu da awara muka saye shi, wancan ya zo da sababbin naira. Da mun ba shi rabin sa'a kullum a kan lissafi, wataƙila da tare muka zauna WAEC.

Akwai wani abu na ƙarshe da muka gano a tarihin katun ɗin. A ranar 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa Kobe, mutum fiye da 6,000 suka rasu, unguwar Nagata ta sha gobara. Da mutanen unguwar suka sake gina ta, a 2009 suka kafa gunkin Tetsujin 28 na ƙarfe a dandalin Wakamatsu. Tsawonsa ya haura mita 15, nauyinsa kusan tan 50. Ƙaton da aka zana a matsayin makami shi suka zaɓa ya zama alamar sake gina gari. Ƙarfen bai canza ba, aikin da aka sa shi ne ya canza.

Namu Aradun yana nan da ransa. Yatsu biyu na hannunsa na hagu ba sa lanƙwasuwa. Wani mai walda a wajen Unguwa Uku ya ɗauke shi, yana koyon ƙera ƙofofi da tagogi. Ba za mu ce muku komai ya daidaita ba. Wasu ranakun ba ya zuwa aiki, abokan kango suna nan, kuma wani zaɓen yana tafe a 2027. Mu dai muna ƙoƙarin rage bashi. Duk Juma'a da yamma biyu daga cikinmu suna zama da shi a kan lissafi: inci da ƙafa, kuɗin ƙarfe, kuɗin fenti, abin da ya rage riba. Ashe kan da muka ce ba ya ja yana ja, in dai akwai tef ɗin awo a hannunsa.

A hutun da ya wuce muka je shagon mu huɗu, muka zauna a benci muna kallonsa yana haɗa wata ƙofa. Rana ta yi zafi. Ɗayanmu ya manta kansa, ya zaro kuɗi ya ce, "Aradu, ɗan karɓo mana ruwa a can." Ya kashe wutar walda, ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kuna da ƙafa. Ni aiki nake yi." Ya mayar da gilashinsa.

Muka tashi muka sayo, har da nasa.